Kwatangwalona da masu gashin ƙashi

Tun da na faɗo daga babur wajen Ƙofar Ruwa kwatangwalona na dama bai koma daidai ba. Ba wai ciwon da zai hana ka barci ba ne, kawai dai in ina tafiya sai in ji kamar ƙafar za ta zame daga gurbinta, wani lokacin har da ƙas a matsematsi. Wajen mai ɗori aka fara kai ni, ya murza ya ja ya ce targaɗe ne. Ni kuma kullum bayan asuba sai in yi ta miƙar da ƙafar ina lanƙwasa ta wai ko ta saki, ashe ɓarna nake ƙarawa.

A Asibitin Ƙashi na Dala aka ɗau hoto, ba karaya, aka tura ni ɓangaren fisiyo, wato wajen masu gashin ƙashi. To ni da na ji an ce gashin ƙashi na ɗauka fitilar nan mai zafi za a kunna min a yi min tausa in kama gabana. Sai likitar ta ce in tsaya da ƙafar dama kaɗai a gaban madubi, wallahi ko sakan 5 ban yi ba ƙuguna ya karkace. Ta ce "Malam ka gani ko?" Ta min bayani cewa kan ƙashin cinya kamar ƙwallo yake zaune cikin kwarmi, akwai guringuntsi zagaye da bakin kwarmin da jijiyoyin da ke riƙe shi, in suka yi sako-sako naman gefen ɗuwawu ne ke ɗaukar nauyin, nawa kuwa ya yi laushi. Ta ce gaɓar da ta riga ta saki ba ja take so ba, ƙarfi take so.

Atisayen har raini na yi masa. Ka kwanta rigingine ka tanƙwara gwiwa ka ɗaga ƙugu sama, sai ka juya gefe a ɗaura maka roba a gwiwoyi kana buɗewa kana rufewa, 10 sau 3. Sati 2 ban ga komai ba sai tsamin jiki, saura ƙiris in watsar. Abin da ya fi min wuya ma ba wannan ba ne, hana ni harɗe ƙafa a tabarma ne da dogon tsuguno a banɗaki, ga sallah a kujera kamar dattijo, abokaina a Kantin Kwari har Baba suke ce min. Sanda ma ashe a hannun hagu ake riƙewa in dama ce ke ciwo, ni da a dama nake dogarawa.

Wajen wata 3 na kai sakan 30 a ƙafa ɗaya ba karkacewa. Da cinikin sallah ya kankama na yi sati 3 ban taɓa robar ba, ina hawa benen shago na ji ƙas ɗin nan ya dawo. Yanzu robar a jikin ƙusar da nake rataye carbi take.