Godiya bayan walimar karrama Baba

Assalamu alaikum. A madadin ma'aikatan ofishinmu na zanen gine-gine da ke Kano, muna miƙa godiya ga duk wanda ya halarci walimar da muka shirya wa shugabanmu, wanda kowa ke kira Baba, bayan ya sauka daga shugabancin kamfanin. Baƙinmu na Zariya, Kaduna, Katsina, Dutse da Maraɗi, kun sha hanya, Allah ya bar zumunci. Muna gode wa malaman sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello, inda Baba ya yi karatu, da abokan sana'arsa na NIA, wato ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Najeriya, da injiniyoyi da masu ƙididdigar kayan gini.

Godiya ta musamman ga birkiloli, kafintoci, masu ɗaurin rodi da leburori da suka bar aikin yini guda suka zo. Su suka fi kowa sanin Baba, domin a wurinsa zane rabin aiki ne, sauran rabin yana filin gini.

Baba, mun gode da abin da ka ɗora mu a kai. Ba a fara zane sai an taka fili an gwada ƙasa. Jar ƙasar Kano daban take da baƙar lakar da ake samu a sassan Borno, Gombe da Adamawa, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani. Wanda ya yi mata harsashi irin na jar ƙasa zai ga bango ya dare tun fenti bai dushe ba. Ba a haƙa harsashi kuma sai takardar izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, ta fito, ko da mai gini yana gaggawa.

Inda ka fi tsanantawa shi ne kankare, kuma da gaskiyarka. Kwaɓin 1:2:4 na nufin buhun siminti ɗaya mai kilo 50 (wato kwano biyu), kwano huɗu na yashi, kwano takwas na tsakuwa. Yashin ya zama mai kaifi, ba mai laka ba. Lebura kan so ya ƙara ruwa don kwaɓin ya yi sauƙin zuba, to wannan ruwan ne ke rage masa ƙarfi. Rodi kuma ba ya kwanciya a kan katako kai tsaye, sai an ɗaga shi da 'yan gutsattsarin kankare kamar milimita 25, in ba haka ba danshi ya kai gare shi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa dekin daga ƙasa. Bayan an zuba, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana bakwai. A lokacin hunturu da bazara iskar nan tamu kan shanye ruwan cikin sa'o'i kaɗan, shi ya sa kake sa a lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Kankare ba ya kai ƙarfin da aka auna masa sai kwana 28, don haka ba ka taɓa yarda kafinta ya cire turakun dekin da wuri don ya kai su wani aikin ba. 'Yan kwangila da dama sun ji haushin wannan, amma yau ga su a walimarka.

Ka kuma koya mana karanta rana da ruwa. Dogayen ɓangarorin gida su fuskanci kudu da arewa, tagogi a can, bangon yamma da ke shan ranar la'asar a rage masa ƙofofi. Hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska, saboda haka katakon rufi sai an ɗaure shi da ƙarfe a jikin linta, ba a dogara da ƙusa kaɗai. Rufin ɓoye da ake yayi yanzu, wanda bango ke kewayewa ya ɓoye shi, yana da kyan gani, sai dai ƙurar hunturu da ledoji kan toshe magudanarsa, ruwan farko ya taru ya zubo cikin silin. Wanda ya nace sai shi, kakan faɗaɗa masa magudana, ka ƙara mafitar ruwa ta biyu, irin aikin da indararo ke yi a soro. Ba mamaki ka riƙa tura duk sabon ma'aikaci ya je ya ga masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, da Gidan Makama na nan Kano, ya dubi kaurin bango da jerin azara.

Ga iyalan Baba, musamman Hajiya, mun gode da haƙurin tafiye-tafiye da dararen da aka kwana ana zuba dekin.

Masu ayyuka a hannunmu su kwantar da hankali: ofis na nan a buɗe, kuma Baba ya amince zai ci gaba da duba manyan zane-zane kafin a sa musu hatimi. Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Amin.