Tsakin kwalba ya ja mini asarar jigidar amarya

Kwana huɗu duwatsun gilashin da na narka da hannuna suka yi a faranti lafiya lau. Ran na biyar da asuba, cikin sanyin hunturun nan na Samaru, ina ninke sallaya na ji ƙas daga kan tebur. Na ɗaga guda ɗaya, sai ta rabu biyu a tafin hannuna kamar goro. Kafin azahar, cikin sittin ɗin da na yi wa jigidar wata amarya, sha ɗaya ne kawai ba su tsage ba.

Laifina ne, kuma rowa ce ta ja mini.

Sandunan gilashin da nake narkarwa Effetre ne, 'yan Murano ta ƙasar Italiya, masu lamba 104, wato lambar buɗewar gilashi a wuta. Tsakin gilashi mai launi da ake birgima dutse a ciki yana da zafi, shi ne ya yi mini tsada. Sai na ce, Nufawan Masaga a Bida ba da kwalba suke yin duwatsu da awarwaro ba tun kaka da kakanni? Na shiga kasuwar Sabon Gari na tsinto kwalabe, kore da ruwan ƙasa da wata shuɗiya ta turare. Na gasa su na tsoma a ruwan sanyi suka tarwatse, na daka a turmin ƙarfe, na tankaɗe da rariya, na bi da maganaɗisu na tsince ɓurɓushin ƙarfen. Har da takunkumi na sa, don ƙurar gilashi ba ta wasa da huhu. Duk wannan na kiyaye, amma ban tambayi lambar kwalba ba.

Lambar nan tana nuna yadda gilashi ke buɗewa in ya ji wuta, da yadda yake tsukewa in ya huce. Kwalba tana wajen 85 zuwa 90 ne, kuma kowace masana'anta da nata haɗin. Wato cikin dutsen yana tsukewa fiye da tsakin da ke manne a bayansa, suna ta ja-in-ja a ɓoye. Abin takaicin ma, wani fasasshen kwanon gilashin Pyrex na gidanmu ya shiga turmin, shi kuwa 33 ne. Na ga wasu ƙwayoyi sun ƙi narkewa, sun tsaya cirko-cirko kamar tsakuwa a shinkafa, na ƙara musu wuta na ce taurin kai ne kawai.

Na gasa duwatsun a tanda wajen digiri 510, na bar su suka huce a hankali, har ina yaba wa kaina. Ashe gashi yana cire gajiyar da saurin hucewa ke sa wa gilashi ne kawai, ba ya sulhunta gilashi biyu da jininsu bai haɗu ba. Wani ɗalibi da ke karanta fasahar gilashi a Jami'ar Ahmadu Bello ne ya fahimtar da ni haka, bayan ya dubi tsagar ya ga ta bi gefen kowace ƙwayar tsaki. Ya ce, "Anti, ko shekara kika gasa su sai sun fashe." Ko tsaki mai lamba 96 da masu sana'ar ke ɗorawa a kan 104, barbaɗe ake yi sama-sama. Ni kuwa tulawa na yi kamar ina zuba ƙuli a rogo.

Uwar amarya ta zo ta dubi farantin, ta ce, "'Yar nan, gara da suka fashe a nan, ba a ƙugun yarinya ba." Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kwana shida suka rage biki, na sake aikin da guntayen sandunana na 104 da na daka da kaina. A nan na ci karo da abin da ban zata ba. Tsaki mai ruwan sararin samaniya a kan gilashi mai ruwan hauren giwa, sai ga baƙin zare siriri ya kewaye kowane ɗigo kamar an ja masa kwalli. Jan ƙarfen da ke cikin shuɗin ne ke haɗuwa da farar wutar da ke cikin ɗayan. Da farko na zaci ƙonewa ya yi, har na jefar da biyu.

Su ne amarya ta ɗaura, kuma ƙawayenta uku sun aiko a yi musu irinsu. Tsakin kwalbar yana nan a gwangwanin madara, na rubuta masa "kwalba a kan kwalba kawai". Sha ɗayan da suka tsira kuwa na ƙi sayarwa, jiya ma ɗaya ta yi ƙas.