Godiya ga Waɗanda Suka Riƙe Mana Amanar Ƴar Lele

Assalamu alaikum jama'ar Maraɗi. Alhamdu lillahi, akuyar Innarmu da muka yi ta cigiya ta dawo gida lafiya lau, kuma cikin da take ɗauke da shi bai taɓu ba. Masu tura hotonta a WhatsApp, Allah Ya saka da alheri, a dakata haka nan.

Na san wasu sun yi dariya, wai a kan akuya ɗaya ake wannan hayaniya har da sanarwa a gidan rediyo. Ban ga laifinsu ba, ba su san Ƴar Lele ba ne. Uwarta ta mutu wajen haihuwarta, Inna ce ta raine ta da madara a kwalbar shayar da jarirai. Tun rasuwar Babanmu ita ce abokiyar hirarta, a bakin ƙofar ɗakinta take kwana. Da ta ɓace a hargitsin bikin maƙwabta, Inna ta daina cin tuwo, sai fura kaɗan, ita ma sai an lallaɓa.

Cigiyar jar akuya a garin nan aiki ne ja. Irin ne da duniya ta sani da sunan Maraɗi, har gwamnati ta kafa masa cibiyar kiwo tun 1963, kusan kowane lungu ka leƙa sai ka gan su. Mun ce ja ce, mun ce akwai tsaga a kunnenta, sai aka tuna mana cewa masu allurar rigakafi sun yi wa dubban awaki irin wannan tsagar. Kira ya yi ta shigowa daga unguwar Zariya, daga unguwar Ali Ɗan Sofo, har daga Tibiri da Jiratawa, ƙanena ya hau kabu-kabu ya je ya tarar ba ita ba ce. Duk wanda ya ƙona katinsa ya kira mu, mun gode. A ƙarshe guntulen ƙahonta na hagu da tabon ƙuna a cinyarta ne suka raba gardama.

Dillalan kasuwar dabbobi sun sa mana ido ranar Litinin da ranar Juma'a, mahauta kuma suka yi alkawarin ba za su sa wuƙa a wuyan wata ja mai ciki ba sai sun kira mu. Mun gode musu.

Ashe ita ta gangara Gulbi ne ta faɗa lambun wani bawan Allah, ta yi wa zogalensa aski. Kowa ya san abin da ke samun dabbar da aka kama tana ɓarna, wata a karya mata ƙafa, wata ba a sake jin labarinta. Shi wannan mutumin sai ya ɗaure ta a inuwa, ya ba ta ruwa, ya kai ta wurin mai unguwa, daga nan aka miƙa ta furiyar, garken da ma'aikatar magajin gari ke tsare dabbobin da aka kama suna yawo. Da muka je biyan ɓarna, ya dubi Inna ya ce, "Haba Inna, in na karɓi kuɗinki ina zan kai kunya? Ki sa mini albarka kawai." Ta sa masa, har ta yi hawaye.

A kan furiyar nake so in ɗan tsaya. Ba ka jin sunan wurin a bakin mutane sai da ƙorafin tara. To ni dai yanzu na ga ranarsa: ba don shi ba, da wanda ya tsinci dabba bai da inda zai kai ta, mai ita kuma bai da inda zai nema. Dattijon da ke gadin wurin ya lura akuyar nan ta ƙi cin harawa a ƙasa, sai bin sa take tana kuka. Ya ce nan take ya gane ƴar gata ce, a ƙwarya ta saba ci. Daga gidansa ya riƙa zuwa mata da ƙasari da dussa, ba wanda ya sa shi, ba wanda zai biya shi. Da ya ga cikinta ya kumbura ta gefen hagu, shi ne ya aika a kira likitan dabbobi na ofishin kiwo. Kuma jikarsa ce ta ji sanarwar rediyo ta ce, "Kaka, ba wannan ba ce mai guntun ƙaho?" Baba, ba mu da abin biyanka. Allah Ya biya ka da Aljanna, Ya raya maka wannan yarinya.

Likita, kai ma mun gode. Ya ce ɗanyen ganyen da ta cika cikinta da shi ne ya jawo kumburin, ya ba ta magani ya sace. Abin da ya fi tsoro, in ji shi, shi ne leda, don dabbar da ta yi yawo a bola takan haɗiye ta, ta taru a tumbi, dabba ta yi ta ramewa har ta mutu. An kafa dokar hana leda a Nijar tun 2014, amma kowa na ganin yadda take lilo a kan itatuwanmu. Ya ce mu sa ido a kan cinta da kashinta, kuma har yanzu ba mu ga abin tashin hankali ba.

Mun biya tarar hukuma, an ba mu takarda, ba a nemi ko dala a kanta ba. Inna ta ce a gaya wa kowa tana gaisuwa, kuma in Ƴar Lele ta sauka lafiya, ɗa ɗaya na jikar Baba mai gadi ne.

Sannan ranar da muka je ɗaukarta mun bar wani farin rago mai baƙin kai da wata jaka da ɗanta a garken, ba wanda ya zo nemansu. Dabbar da ta daɗe ba mai ita gwanjonta ake yi. Wanda ya san mai su, don Allah ya sanar da shi ya hanzarta, ya tafi da shaida.