Hoton teku da filta ND: inda aka kwana a mako na huɗu

'Yan uwa masu koyo, an gama maganar sayen kaya, yanzu sai lissafin lokaci, domin a nan ne yawancin hotuna ke lalacewa. Filta ND gilashi ne mai duhu da ake ɗaura wa lensi ya rage haske, shota, wato ƙofar da ke barin haske ya shiga kyamara, ta daɗe a buɗe, ruwa ya fito kamar hazo, duwatsu kuma su tsaya cak. Ana auna duhunsa da mataki, kowane mataki yana raba haske gida biyu. ND8 mataki 3 ne, ND64 mataki 6, ND1000 mataki 10.

A fara auna haske babu filta, a ISO 100 (ƙarfin jin haske na kyamara) da f/11 (faɗin ramin lensi). Idan kyamara ta ba da lokacin shota 1/125 na sakan, ND1000 zai kai ka sakan 8, ND64 kuma rabin sakan. Idan ta ba da 1/30, ND1000 ya zama sakan 30 da ɗoriya, ND64 sakan 2. Idan ta ba da 1/8, ND1000 ya haura minti 2. Yawancin kyamarori ba sa ƙirga fiye da sakan 30 da kansu, sai a koma Bulb, saitin da shota ke zama a buɗe muddin ana danne da maɓalli, a riƙe da rimot.

Masu koyo kan yi rawar jiki wajen ND1000, amma a ganina ND64 ya fi shi aiki a gaɓar teku. Sakan 30 zuwa sama yana shafe igiyar ruwa gaba ɗaya, teku ya zama shimfiɗaɗɗe kamar nono a ƙwarya. Yana da kyau idan akwai dutse ko gadar jirgin ruwa da za ta ɗauki ido. Idan babu, hoton sai ya fito fanko. Rabin sakan zuwa sakan 2 kuwa yana barin farin zane a kan yashi. Sirrin shi ne a danna lokacin da ruwa ya fara komawa, ba lokacin da ya taso ba. Ga wanda ke Legas, Akara ko Kiribi ta Kamaru akwai ƙarin dalili: kusa da tsakiyar duniya magariba ba ta jinkiri. Ka lissafa minti 2, kafin su cika haske ya ragu, hoto ya yi duhu. In rana ta faɗi, ƙara rabin lokacin a kan lissafinka.

Tsarin aiki ba a juya shi. A tsara hoto, a saita gani a kan dutsen da ke gaba, a mayar da lensi MF, wato saita gani da hannu, a kashe na'urar hana girgiza, a zaɓi RAW, wato ɗanyen fayil da ake iya gyarawa daga baya, sannan a ɗaura filta a hankali kada zoben lensi ya motsa. In an ɗaura ND1000 tukuna, kyamara ba ta ganin abin da za ta kama.

Tabo mai launin shunayya a tsakiyar hoto, haske ne ya shiga ta ƙofar leƙe ta kyamara mai madubi (DSLR). A rufe ta da murfinta ko baƙin tef. Duhu mai siffar X na filta mai juyawa ne, wanda ake murɗawa a ƙara duhunsa, idan an murɗa shi ƙarshe a kan lensi mai faɗi. Launin da ya karkata shuɗi ko ja, a gyara shi a RAW. Kada a matse ramin lensi zuwa f/22 don neman lokaci, kaifin hoto ne ke tafiya. Idan an kunna rage ƙurar hoto ta dogon lokaci, ɗaukar minti 2 za ta ci minti 4.

Hoto ya yi dishi-dishi duk da saiti daidai? Ƙafa-uku da ake ɗora kyamara a kai ce ke nitsewa, ruwa na zare yashi a ƙarƙashinta. A danna ƙafafun sosai cikin yashi, a bar igiya biyu ta wuce, ko a kafa a kan dutse, kada a ɗaga sandar tsakiya. Feshin gishiri kuma a goge shi da ƙyalle mai laushi kafin kowace ɗauka. A duba jadawalin cikar teku kafin fita, kada a juya wa ruwa baya a kan duwatsu. An koma gida, a zare ƙafafun a wanke da ruwan famfo, su bushe kafin a naɗe.