Laraba, da matan da ke kokawar sumo

Ruwa ya hana ni fita yau. Bayan azahar ɗiyar yayata ta shigo da waya a hannu, ta ce, "Anti, zo ki ga mata suna sumo." Muka zauna kan tabarma, har aka kira la'asar ba mu ɗago kai ba.

Sumo kokawar gargajiyar Japan ce, kuma abin da ya fara kama ni shi ne saurin wasan. Mata biyu su durƙusa a tsakiyar da'irar da faɗinta mita 4.55 ne, kowa da ɗamarar mawashi a kan riga mai kama jiki, su dafa ƙasa da dunƙulallen hannu, sai kawai ka ji karo. Wadda ta fita da'irar, ko wani sashe na jikinta ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, an kayar da ita. Wata siririya ta nutse ƙarƙashin ƙirjin wadda ta fi ta girma, ta cafki ɗamararta ta baya, ta juya da ita waje kafin in gama gyara zama. Duk wanda ya taɓa kallon kokawa a dandali ya san wannan kamun, ƙafa da ƙugu ke yin aikin.

Ba 'yan Japan ne kaɗai ba. Tun 2001 mata ke da gasar duniya tasu a ƙarƙashin Hukumar Sumo ta Duniya, an raba su ajin nauyi, sannan akwai ajin da kowa ke shiga komai nauyinta. Matan Rasha da Yukren sun daɗe suna cin karensu babu babbaka a wurin. Anna Poliakova 'yar Rasha ta kwashi zinare ba ɗaya ba ba biyu ba. Akwai 'yan Poland, Mongoliya, Brazil, Amurka.

Abin da ya sosa min rai shi ne gida Japan. A sumon ƙwararru, wanda ake biyan albashi, mace ba ta isa ta taka da'irar ba, wai al'ada. A Afrilun 2018 magajin garin Maizuru ya yanke jiki ya faɗi yana jawabi a cikin da'irar. Mata suka ruga ceto ransa, cikinsu har da ma'aikaciyar jinya, sai aka sanar ta lasifika cewa mata su fita. Daga baya shugaban ƙungiyar sumon ya nemi afuwa. Ni dai ina girmama al'adar kowa, amma a ce mutum na kwance rai hannun Allah, ana korar masu danna masa ƙirji, wannan ban ga yadda zan haɗiye shi ba. Tun a 2000 aka hana Fusae Ota, gwamnar Osaka, hawa da'irar ta miƙa wa zakaran gasa kofi da hannunta.

Ɗiyar tawa ta tambaye ni, "To Anti, matan Japan da ke sumo a makaranta, in sun gama ina suke zuwa?" Yawancinsu sai su nemi wani aikin, su riƙa atisaye bayan an tashi. Hiyori Kon, 'yar yankin Aomori, tun tana ƙarama take sumo, ta yi shi a Jami'ar Ritsumeikan, ta wakilci ƙasarta a gasar duniya, BBC ta sa ta cikin jerin fitattun mata 100 na shekarar 2019. Duk da haka ƙofar sumon ƙwararru a rufe take gare ta, kuma har yau ba a buɗe wa kowace mace ba.