Ƙwayar T ta kifi ba ta amsa kira ɗaya

Mako uku na yi ina leƙa madubin ɗakin gwaji kowace safiya, abin da nake gani bai canja ba: ƙananan ƙwayoyi baje a gindin faranti, kowace a ware, ba wadda ta raɓi 'yar'uwarta. Fararen ƙwayoyin jinin karfasa ne, kuma aikina shi ne in zuga ƙwayoyin T da ke cikinsu, wato wani rukuni na sojojin garkuwar jiki, in ga sun hayayyafa. Sun ƙi.

Samo su ma aiki ne. Kifi ba shi da ɓargo mai haɗa jini irin namu, ba shi kuma da ƙulle-ƙullen nan da kan kumbura mana su zama kaluluwa. Sai an nemi saifa da kuma kan ƙoda, wani jan nama mai taushi da ke can bayan kai. A murje shi ta rariya mai ƙananan ƙofofi, a ɗora a kan ruwan Percoll mai ware ƙwayoyi gwargwadon nauyinsu, a juya a na'ura, sai ka ga wani siririn farin zobe ya tsaya a tsakiyar kwalba. Shi ake zuƙowa a hankali, hannu ba ya rawa.

Kuskuren farko bai ɗauki lokaci ba. Na ajiye farantin a digiri 37, zafin da ƙwayoyin ɓera da na mutum suke so. Kifi kuwa zafin jikinsa na ruwan da yake ciki ne. Da na sauko zuwa 28, sai suka daina mutuwa. Amma shirun bai kau ba.

A nan ne na fahimci abin da na daɗe ina karantawa. Ƙwayar T ba ta tashi sai ta samu saƙo biyu. Na farko yana shiga ta makarɓinta na TCR, idan wata ƙwaya ta nuna mata guntun abokin gaba a kan furotin MHC. Na biyu kuma ta wani makarɓin nata mai suna CD28 yake zuwa, idan ya haɗu da abokin riƙonsa na dangin B7 a jikin ƙwayar da ta kawo labarin. Kamar shaida ce ta biyu, mai tabbatar da cewa lallai akwai haɗari. In saƙon farko ya zo shi kaɗai, ƙwayar kan yi lakwas, ko an sake kiranta ba ta zabura. Hikimar a fili take: da kira ɗaya ya isa, da garkuwar jiki ta riƙa afka wa jikin da take tsaro. Masana biyu, Bretscher da Cohn, su ne suka kawo tunanin saƙo biyu tun 1970, amma sai a 2006 aka bayyana CD28 da ɗan'uwansa CTLA-4 a kifin tiraut.

Ni a zatona na ba da saƙon biyu duka, don na zuba musu antibodi, wato furotin da ake yi don ya kama makarɓi ya kwaikwayi saƙon. Malamar da ke duba aikina ta ɗauki kwalbar antibodin CD28, ta karanta takardar jikinta, ta tambaye ni don wace dabba aka yi shi.

"Don ɓera ne, Malama."

"To, ina shaidar cewa ya kama na karfasa?"

Babu. Sunan furotin ɗaya ne, aikinsu ma kusan ɗaya, amma zubinsu ya yi nisa da juna, don kakannin kifi mai ƙashi da na dabbobi masu shayarwa sun rabu fiye da shekara miliyan 400. Ko abokin riƙon ma ya bambanta: mu a dangin B7 muna da CD80 da CD86, kifaye irin tiraut kuwa nasu mai kama da duka biyun ne, shi ya sa ake rubuta shi CD80/86.

Ta sa na ware 'yan ramuka a farantin na zuba musu PHA, sinadarin da ke zuga ƙwayoyin T kai tsaye. Da na yi haka tun ranar farko, da na san ƙwayoyina lafiyarsu lau, matsalar tana cikin kwalba. Tun daga ranar ban sake haɗa faranti ba tare da waɗannan ramuka ba.

Da muka samu antibodin da aka yi don CD28 na karfasa, na haɗa shi da na CD3, furotin da ke tare da TCR wajen isar da saƙon farko. Kwana uku bayan nan na leƙa, sai ga ƙwayoyin sun dunƙule curi-curi, wasu sun kumbura sun ninka girmansu. Awon IL-2, furotin da ke sa su hayayyafa, shi ma ya ɗaga. Na daɗe zaune a gaban madubin nan ban tashi ba.

Abin ya shafi duk mai kiwon kifi. Allurar rigakafi ba ta tsaya ga nuna wa jiki kamannin cuta kawai, shi ya sa ake gauraya ta da sinadarin da ke tada ƙwayoyi masu kawo labari, su fito da saƙo na biyu. Sanyin ruwa kuma yana rage kuzarin ƙwayoyin T, kamar yadda aka daɗe da nunawa a tarwadar Amurka.

Yanzu hankalina ya koma kan CTLA-4, wanda a jikinmu shi ne birki: yana ƙwace B7 daga hannun CD28 don faɗan ya tsaya. Kafin in sayi kowace kwalba a wannan karon, na jera zubin furotin ɗin karfasa kusa da na ɓera a kwamfuta, ina bi harafi bayan harafi.