A ɗibi man taransfoma kafin a tace shi

Man taransfoma aiki biyu yake yi: yana sanyaya wayoyi, yana kuma hana wuta tsallakawa tsakaninsu. Idan tartsatsin wuta ya tashi a cikinsa, zafin yakan kai dubban digiri, sai man ya farfashe ya saki haidirojin da asetilin, wato irin gas ɗin da masu walda ke samu daga kabaid, ya bar baƙar ƙura kamar ta gawayi. Wannan ƙurar ita ce babbar ɓarna. Ƙarfin wutar yakan jera ta a layi har ta zama gada tsakanin waya da waya, in kuwa da laima a man, gadar ta fi saurin haɗuwa. Tartsatsi ɗaya kenan ya share wa na gaba hanya.

Gwajin ƙarfin mai, wato yawan wutar da zai jure, na bin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 60156: a sa ƙarafa biyu a cikin man da tazarar milimita 2.5, a riƙa ɗaga wuta kilobolt 2 kowace daƙiƙa har ta tsallaka, sau shida, a ɗauki matsakaici. Sabon mai bai kamata ya gaza kilobolt 30 ba. Sai dai gwajin na iya ruɗin mutum, domin ƙurar kan kwanta a ƙasan tanki, man ya ci gwaji, alhali asetilin na narke a cikinsa. Gwajin gas ɗin da ke narke a man ne ke tona asiri. Asetilin ba ya samuwa sosai sai zafi ya haura digiri 700, don haka ganinsa a babban tanki, inda wayoyin suke, ba abin wasa ba ne.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne gaggawar tace mai da zarar rilen Buchholz, wato na'urar da ke gargaɗi idan gas ya taru a taransfoma, ya yi ƙara. Injin tacewa yana dumama man zuwa digiri 60 ko 70, ya zuƙe ruwa da gas, ya tafi da shaidar gaba ɗaya. A fara ɗibar man gwaji da sirinjin gilashi, kada ko ƙwayar iska ta shiga, domin haidirojin yana saurin tserewa daga man. A kuma duba ko man na'urar canza tap, wadda ke daidaita ƙarfin wutar da taransfoma ke fitarwa, ya yoyo zuwa babban tanki. A can tartsatsi al'ada ne, yana iya sa a zargi wayoyi ba gaira ba dalili.

Tacewa tana dawo da ƙarfin mai. Takardar da ke naɗe da waya kuwa, in ta ƙone, sai an buɗe tanki an sake naɗi.